Kasuwar Gidaje Da Filaye A Kano: Ta Farfaɗo Ne Ko Kuɗin Ne Kawai Ya Hau?

Kwana biyun nan duk majalisar da na zauna sai maganar nan ta taso. Wani ya ce kasuwar gidaje ta dawo, hujjarsa wai akwai filin da ya sani a Rijiyar Zaki an sa masa kuɗi ninki biyu na yadda aka siye shi shekara uku baya. Wani kuma ya ce ina, kasuwa tana nan a kwance, shi gidansa wata tara kenan a hannun dillalai ko tayin kirki ba a yi masa ba. Kuma fa duk su biyun ba ƙarya suka yi ba, wani lokacin ma a unguwa ɗaya suke zaune. To wanne za a ɗauka? Tambayar ba ta hira ba ce kawai, domin akwai marayun da ke jiran a siyar da gidan gado a raba musu, akwai ma'aikacin da ya ƙulle ɗan abin da ya tara yana tunanin ya siya yanzu ko ya dakata, akwai ɗan hayar da duk shekara sai an ƙara masa ana ce masa ai gidaje sun yi tsada.

Me ake nufi idan an ce kasuwar gida ta kwanta?

Yawancinmu da kasuwar tumatur muke auna komai. A 'Yankaba idan kaya ya yi yawa masu siya suka yi ƙasa, kafin la'asar kwando ya karye, saboda mai tumatur ya san gobe asara zai kwasa. Gida ba haka yake ba. Mai gida zai ce maka ai ba ruɓewa yake ba, ba kuma abinci yake ci ba, ya sa miliyan 40 ya koma gefe ya zauna, ko shekara za a yi ba zai sauko ba sai in matsuwa ta zo. Shi ya sa idan kasuwar gida ta kwanta ba farashi ne yake fara faɗuwa ba, ciniki ne yake ɗaukewa. Kuɗin yana nan a bakin dillali, amma babu mai ƙirgowa.

Kuma a kowane gida na siyarwa kuɗi uku ne. Akwai kuɗin da aka sa, akwai tayin da masu zuwa gani suke yi, sannan akwai kuɗin da aka sallama aka rubuta takarda a gaban shaidu. Na farko shi ne yake yawo a gari, shi ake ji a majalisa, shi ake gani a bidiyon TikTok da Facebook. Na ukun kuwa daga mai siya sai mai siyarwa sai dillalan da suka karɓi la'ada, kuma yawancin cinikin garin nan a hannun mai unguwa ko lauya yake ƙarewa, ba ya shiga rajistar gwamnati balle wani ya tattara ya fitar da lissafi. To duk wanda ya ce maka kasuwa ta dawo, fara tambayarsa a cikin ukun nan wanne ya gani.

Abin da ya kwantar da ita

Abubuwan a jere suka zo, ba su bar mutane sun numfasa ba. Farkon 2023 aka sha wahalar canjin kuɗi, tsabar kuɗi ta ɓace, kuma cinikin fili a Kano musamman na gefen gari da tsaba aka saba yinsa. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta da kanta, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen 460 kafin farkon 2024 ta haura 1,500. Siminti ya bi sahu, buhun da ake siya ƙasa da 5,000 ya wuce 10,000 a watan Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da su Dangote da BUA da Lafarge a kan maganar. Rodi, kwano, tayil, waya, duk wani abu da ke da alaƙa da dala ya tashi. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024.

Idan abinci da kuɗin mota da kuɗin makaranta suka cinye albashi, abu na farko da mutum ke ajiyewa shi ne maganar fili. Mafi ƙarancin albashi a Kano 71,000 ne tun ƙarshen 2024, a shekara 852,000 kenan in ba ka ci ko kwabo ba, ka ɗauki wannan ka je ka tambayi kuɗin fili hamsin-hamsin ko a awon igiya ne, wato filin da ba gwamnati ta yanka ba.

Su kuma masu kuɗin, 'yan kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau da Wapa waɗanda su ne dama ke ɗaga kasuwar kadara a garin nan, jarinsu ne ya tsuke. Kwantenar da mutum yake saukewa da wani kuɗi yanzu sai ya ninka kafin ya sauke ta, don haka rarar da a da yake juyewa a fili ta koma cikin shago, wasu ma kadarar suka fito da ita don su cike jari. Masu siyarwa suka ƙaru, masu siya suka ragu. Babban Banki kuma ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 a tsakiyar 2023 har 27.5 a Nuwambar 2024. Mu nan ba da bashin banki aka fi siyan gida ba, wasu don gudun riba wasu don ba za su samu ba, amma abin ya taɓa mu ta bayan gida, domin kamfanonin gine-gine da 'yan kasuwa da bashin suke juyawa, sannan mai kuɗin ajiya ya samu wasu wuraren sakawa, dala, zinare, ko sukuk, wato takardun zuba jari na gwamnati marasa riba.

Sai kuma wanda ya shafi Kano ita kaɗai, wato rusau na watan Yunin 2023. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf tana hawa ta rushe gine-ginen Otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi da wasu wurare, ta ce filayen al'umma ne gwamnatin baya ta cefanar ba bisa ƙa'ida ba, masu wuraren kuma suka ce da takardun gwamnati suka siya, aka tafi kotu. Ko wane ɓangare kake goyon baya, abin da ya bari a kasuwa ɗaya ne, mutane sun fara tsoron takarda. A dokar filaye ta 1978 dama ƙasa a hannun gwamna take, abin da kake riƙe da shi izinin zama ne, amma sai a lokacin da yawa suka ji abin a jikinsu. Daga nan mai siya ya koma yana tambayar wace gwamnati ce ta yanka wurin, da makaranta ne ko maƙabarta ko hanyar ruwa. A ƙarshen 2024 kuma gwamnati ta ce kowa ya kai satifiket ɗinsa a sabunta ta hannun KANGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye ta jiha, wannan ma ya sa wasu cinikin suka tsaya jiran takarda.

Hawan kuɗi daban, farfaɗowa daban

Nan ne aka fi ruɗewa, kuma nan nake so a tsaya a yi lissafi da ni. A ce ka siyi gida miliyan 20 a farkon 2023. Lokacin dala a Wapa wajen 750 take, kenan gidan ya kai dala dubu 26 da ɗoriya. Siminti a ce 4,500, kuɗin gidan zai siyi buhu sama da 4,400. A 2025 a ce ka sallama shi miliyan 35, kowa zai ce Alhaji ya ci ribar miliyan 15. To ka raba miliyan 35 da dala a 1,500, za ka samu dala dubu 23 da 'yan kai. Ka raba da siminti a 10,000, buhu 3,500. Wato kuɗin da ka karɓa ba zai sake gina maka irin gidan da ka siyar ba. A baki ka ci riba, a zahiri an rage maka.

Ko ka auna da kujerar Makka wadda kowa ya san kuɗinta. A 2023 ba ta kai miliyan 3 ba, a 2025 ta haura miliyan 8. Gidan miliyan 20 a wancan lokacin kujera shida ne da canji, na miliyan 35 a 2025 kujera huɗu ne.

Saboda haka idan farashin gida ya hau da kashi 75 alhali komai na rayuwa ya ninka ko ya fi, ba kasuwar gida ce ta yi ƙarfi ba, naira ce ta yi rauni, gidan ma bai iya kamo ta ba. Wannan ba ya nufin siyan gida asara ne, wanda ya bar miliyan 20 ɗin a asusu ya fi shan kashi nesa ba kusa ba. Amma kare kai daga faɗuwar naira abu ɗaya ne, kasuwa mai rai da ake shiga a fita cikin sauƙi wani abu ne daban.

Abin da na gani da idona

Mu ma mun yi zaman jiran nan da gidan gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Magada goma sha ɗaya, a ciki akwai ƙannenmu mata biyu da ake shirin aurensu. Dillalin unguwa ya zo ya zagaya, ya buga bango da hannu, ya ce wa babban yayanmu, "Yaya, wannan ai miliyan 30 ba a magana, na bayan layinku ma haka aka sa." Muka ji daɗi, kowa ya fara lissafin kasonsa a zuci. Wata na farko mutane suka yi ta zuwa, kullum sai an ce mata su shiga ɗaki za a shigo ganin gida, Hajiya tana ɗaga labule tana amsa gaisuwa. Tayi mafi tsoka da aka yi 19 ne. Yaya ya ce Allah ya kawo kasuwa. Wata na uku ƙafa ta ɗauke gaba ɗaya, sai dillalai kawai, wannan ya kawo wancan, wancan ya ɗauki hoto ya tafi, har muka ji gidanmu a bakin wani dillalin da ba mu taɓa gani ba an ce 35.

Wata na takwas Hajiya ta kira Yaya ta ce, "Kai Babangida, yaran nan fa lokaci yana tafiya, kayan ɗakin da aka taya bara yanzu kuɗinsu ya canja." Gaskiya ta faɗa, muna riƙe da gida muna jiran 30, kayan da za mu siya da kuɗin suna gudu suna barinmu. A wata na goma sha ɗaya aka sallama a 23, wani malamin makaranta ne da ya haɗa da kuɗin gonarsa ya siya zai zauna da iyalinsa. Daga baya muka bincika na bayan layin da aka yi mana misali da shi, ashe har ranar ba a siyar ba.

Tun daga nan idan aka ce min gida kaza ya kai kaza, abin da nake tambaya shi ne an ƙirga ko an faɗa.

Alamomin da nake yarda da su

Babbar alama a wurina ita ce kwana nawa kaya yake yi a hannun dillali. Ka samu dillali ɗaya da kuke mutunci, ba wanda yake son siyar maka da wani abu ba, ka zauna a bencinsu ka tambaye shi gidajen da aka kawo masa bayan sallar layya nawa ne suka fita, kuma wata nawa kowanne ya yi. Idan a da gida mai kyakkyawar takarda a bakin layi yana shekara, yanzu yana fita a wata biyu ko uku, to wani abu ya motsa ko da kuɗin bai ƙaru da sisi ba. Kasuwa tana fara farfaɗowa ne ta yawan ciniki, farashi daga baya yake biyowa, kamar yadda da za ta kwanta cinikin ne ya fara ɗaukewa.

Sai tazarar da ke tsakanin kuɗin da aka sa da tayin farko. A kasuwar da ta kwanta za a sa 30 a taya 18 ko 19 kuma mai tayin ko waiwaye ba zai yi ba, ya san akwai goma irinsa. Idan ka fara jin an sa 30 an taya 26, kuma mutum biyu suna bin gida ɗaya har wani yana sauri ya ajiye kafin alƙalami kada a riga shi, wannan alama ce ta gaske. Haka nan ka lura da cinikin da ke warwarewa bayan an sallama, mutum ya ba da wani abu ya ce sauran sati biyu, sati biyun ya zama wata uku a ƙarshe ya dawo neman kuɗinsa. Yawan irin wannan yana nuna masu son siya suna nan amma kuɗin ne babu.

Abu na gaba wanda mutane ba su cika kula da shi ba, su waye suke siya? Fili ɗaya zai iya canja hannu sau huɗu a shekara tsakanin dillalai da 'yan sari, kowa ya ɗora dubu ɗari biyar ya tura gaba, a ji kamar kasuwa tana ci, alhali ko bulo ɗaya ba a ajiye a wurin ba. Irin wannan yana tafiya ne har ranar da na ƙarshe ya nemi wanda zai gina ya rasa. Kasuwa mai lafiya ita ce wadda ƙarshen sarkar yake hannun wanda zai zauna ko zai zuba 'yan haya, malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, mai shago a Sabon Gari, ɗan adaidaita da ya yi adashi.

Shi ya sa na fi yarda da kangwaye a kan allunan talla. Ka zaga Ɗanbare ko Langel ko Jaba ko Gunduwawa ko bayan Mariri, ka ƙirga gine-ginen da suka tsaya a linta ciyawa ta fito a ciki. Bayan wata uku ka koma. Idan ka ga an fara ɗora katako ana buga kwano, an sauke yashi a ƙofar wasu, to kuɗi ya fara dawowa hannun masu ƙaramin ƙarfi, domin rufi shi ne inda talaka yake maƙalewa. Ka tambayi mai gidan bulo sau nawa yake tada inji a sati, ka tambayi 'yan tifa, ka leƙa Ƙofar Ruwa wajen masu rodi da 'Yan Katako a Na'ibawa, ka duba leburori da magina da ke zaman jiran aiki da safe ƙarfe nawa ake kwashe su. Waɗannan ba su da dalilin yi maka kwalliyar magana.

Haya ma tana magana, amma sai an saurare ta da kyau. Kuɗin haya ya hau a kusan ko'ina, sai dai hawan nan bai isa hujja ba, saboda wanda ya kasa siya ko ya kasa ƙarasa gininsa haya yake komawa, ga aure ana yi kullum, ga mutanen da rashin tsaro ya taso daga Zamfara da Katsina da sauran wurare suna shigowa. Kenan haya za ta iya tsada daidai lokacin da kasuwar siye take kwance, ɗayan ne ma yake jawo ɗayan. Lissafin da za ka yi shi ne kuɗin hayar shekara a kan kuɗin gidan. Gidan miliyan 40 da ake haya miliyan ɗaya da rabi, ko kashi 4 cikin 100 bai kawo ba, sai ya haura shekara 26 kafin ya maido da kuɗinsa, ban da gyara da watannin da zai zauna babu kowa. Muddin lissafin yana haka mai kuɗi ba zai yi rububin siyan gidan haya ba. Ranar da haya ta matso ko kuɗin gidaje ya tsaya har lissafin ya fara ma'ana, za ka ga sun dawo da kansu.

Abubuwan da ke ruɗar mutane

Yawan talla ba yawan ciniki ba ne, sau da yawa ma akasin haka ne, kayan da ke fita da wuri ba ya buƙatar bidiyo goma. Kamfanonin da ke yanka gonaki suna siyarwa biya kaɗan-kaɗan sun yawaita, kuma tsarin yana taimakon mutane in wurin yana da takarda kuma KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ta amince da awon, amma ka sani wanda yake samun masu biya nan take ba ya cewa a biya shi a wata ashirin da huɗu.

Ciniki ɗaya mai ƙara shi ma yana ruɗarwa. A ji an siyi wani gida a Nasarawa GRA ko Bompai da kuɗin da ba a taɓa ji ba, sai kowa a gari ya ƙara wa nasa kuɗi. Masu siyan irin waɗannan ba su da yawa kuma kuɗinsu ba daga albashi yake zuwa ba. Ga lokaci ma yana wasa da ido, bayan kaka kuɗin amfanin gona yana shigowa a ɗan motsa, gab da biyan kuɗin Hajji masu siyarwa suna yawa, da azumi abubuwa su lafa, da damina kuma mai hankali yake zuwa ganin fili don ya ga inda ruwa ke kwanciya. In za ka kwatanta, kwatanta watan nan da irinsa na bara, kada ka kwatanta shi da watan jiya. Kakar zaɓe ma haka, kuɗin siyasa yana shiga kadara wasu kuma suna siyarwa don yin kamfen, ƙurar tana lafawa bayan an rantsar.

Sannan gina gidaje ba shi ne cika su ba. Rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo an gina su tun zangon Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, amma gidaje da yawa a ciki sun daɗe a rufe babu kowa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa buƙatar gida daban, ikon siyan gida daban. Kano tana da miliyoyin masu buƙata, abin da kasuwa take ƙirgawa shi ne masu buƙatar da ke da kuɗin a hannu.

To ta farfaɗo ko ba ta farfaɗo ba?

Masu cewa ta dawo suna da abin riƙewa. Dala ta daina tsalle irin na 2024, hauhawar farashi ta sassauta a 2025 duk da cewa an canja yadda ake lissafa ta a farkon shekarar, Babban Banki ya fara sassautawa ya rage kuɗin ruwa zuwa kashi 27 a Satumbar 2025, kayan abinci sun sauko. Natsuwa kawai ma tana taimakon kasuwar gida, domin wanda zai fara gini yana so ya san kuɗin siminti na wata mai zuwa. Suna kuma nuna manyan ayyuka, tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, bututun gas na AKK da zai taso daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano, suna cewa gari yana faɗaɗa kuma fili ba a ƙera sabo.

Masu cewa da saura su ma suna da tasu. Sauƙin hauhawa ba ya nufin kaya sun koma yadda suke, sun dai rage gudu ne, albashi kuma bai kamo ba. Saukar hatsi da ta yi wa mai siya daɗi ta karya manoma da 'yan ajiya a Dawanau, kuma su ma masu siyan fili ne. Lamunin gida na asusun gidaje na ƙasa (NHF) da ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi, ruwansa kashi 6 ne kuma ana iya biya har shekara 30, amma yana buƙatar satifiket, alhali mafi yawan gidajen da talaka zai iya siya a Kano awon igiya ne da takardar mai unguwa.

Ni abin da nake gani, tambayar ce aka yi ta dunƙule. Kano ba kasuwa ɗaya ba ce. Ƙananan filaye da ƙananan gidaje a gefen gari inda titi ya isa, su ne suke fara motsi saboda kuɗinsu ne mutane da yawa za su iya haɗawa. Shaguna da filin bakin titi a wuraren kasuwanci dama ba su cika kwanciya sosai ba. Tsofaffin gidajen gado a cikin Badala da lungunan da mota ba ta shiga suna da nasu masu siyan, yawanci maƙwabta ko dangi. Waɗanda suka fi shan zama su ne na tsakiya, gidan da ya fi ƙarfin ma'aikaci amma bai kai abin da attajiri zai waiwaya ba. Don haka idan an ce ta farfaɗo, a faɗi unguwa, a faɗi girman kaya, a faɗi irin takarda. Ni dai ba zan kira ta farfaɗowa ba sai na ga irin mutumin da ya siyi gidanmu, mai albashi ko ƙaramin ɗan kasuwa, yana yawa a wajen rubuta takarda.

Mai siyarwa, mai siya da ɗan haya

Idan kai ne mai siyarwa kuma akwai abin da za ka yi da kuɗin, dan Allah ka lissafa kuɗin jira. Duk watan da gidan ya zauna abin da za ka siya yana iya hawa, kuma gidan da ya daɗe a kasuwa mutane suna fara zargin yana da matsala. Ka nemi kuɗin da aka sallama gidaje biyu ko uku a kusa da kai cikin wata shida, ba kuɗin da aka sa musu ba, ka tsaya kusa da nan. Kada ka watsa shi a hannun dillalai goma kowa ya ɗora nasa, ka ware ɗaya ko biyu ku yi maganar la'ada tun farko. In gidan gado ne ku zauna ku daidaita mafi ƙarancin abin da za ku karɓa tun kafin mai siya ya zo, da yawan ciniki a wurin jiran amincewar wani magaji yake mutuwa. In kuma ba ka da matsuwa kuma gidan yana kawo haya, babu laifi ka riƙe.

Mai siya kuwa, kasuwar da ta kwanta ita ce taka, kana da damar tayi da damar bincike. Ka je KANGIS ka duba satifiket, in awon igiya ne ka ga mai unguwa da dagaci da maƙwabtan filin ta kowace kusurwa, ka tambaya ko wurin yana cikin wani shiri na gwamnati, ka koma ranar da aka yi ruwan sama. Duk wanda ya ce maka yau-yau ne in ba ka biya ba wani Alhaji zai ɗauka da yamma, ka ce masa Allah ya sa albarka, in da gaske ne ka rasa guda ɗaya, in ba gaske ba ne zai kira ka jibi.

Ɗan haya shi ne wanda abin ya fi daɗewa bai iso gare shi ba. Ko kasuwar siye ta farfaɗo yau, sai kangwayen nan sun samu rufi an zuba mutane a ciki kafin matsin haya ya ragu, kuma wannan aikin shekara biyu ne ko uku. Kafin nan abin da ke hannunsa shi ne ya nemi a rubuta yarjejeniya da wa'adin sanarwa kafin ƙari, in kuma mai gidan ya sa gidan a kasuwa ya tambaya tun wuri a rubuta cewa sabon mai gida zai bar shi ya cinye kuɗin da ya riga ya biya.